Ɗan Cin Ranin Ƙwallon Kwando

Yau zan ba ku labarin wani mutum da ban taɓa gani ido da ido ba. Ba ɗan garinmu ba ne, ba kuma ɗan ƙasarmu ba ne. Sana'arsa ma da yawa cikinku ba su taɓa ganin ana yin ta ba. Amma na daɗe ina bin labarinsa, kamar yadda mutum ke bin labarin wansa da ya tafi cin rani. Sunansa Olumide Oyedeji. Ku karanta sunan sannu-sannu, gaɓa-gaɓa, kamar yadda muke yi a aji: O-lu-mi-de O-ye-de-ji. Bayarabe ne, an haife shi a Badun, cikin Najeriya, a 1981. Waɗanda suka taɓa kai shanu ko albasa Badun sun san unguwar Sabo. To, garin ke nan. Sana'arsa ƙwallon kwando.

Bari in fara gaya muku yadda wasan yake. Da hannu ake yin sa. Filin na siminti ne ko na katako, tsawonsa mita 28, faɗinsa mita 15. A kowane gefe akwai zobe na ƙarfe mai raga, an kafa shi sama, mita 3 da santimita 5 daga ƙasa. In ka jefa ƙwallo ya shiga zoben, kun ci maki 2. In daga nesa ka jefo, maki 3 ne. Wani malamin makaranta mai suna James Naismith ya ƙago wasan a Amurka a 1891, don ɗalibansa su sami abin yi lokacin sanyi. Kwandunan ɗibar ƴaƴan itace ya rataya musu, shi ya sa har yau muke cewa ƙwallon kwando.

Kowane ɓangare mutum 5 ke shiga fili. Amma ƙungiya da mutum 12 take zuwa. To, ku yi lissafi: 12 a ɗebe 5, saura 7. Waɗannan 7 ɗin suna zaune bisa benci a bakin fili, suna jira. In wani ya gaji, ko ya ji ciwo, ko laifinsa ya yi yawa, sai mai horo ya waiwaya ya kira ɗaya daga cikinsu.

Na san wannan benci ƙwarai. Lokacin da nake makarantar horon malamai a Tawa, muna yin wasan da marece. Ina da ɗan tsawo, shi ya sa aka sa ni ciki. Amma hannuna ba shi da saiti. In na jefa sau goma, da ƙyar biyu su shiga. Wata rana malaminmu na wasanni ya ja ni gefe ya ce: "Kai, bar jifa. Tsaya ƙarƙashin zobe. Duk ƙwallon da ya bugi ƙarfe ya faɗo, naka ne. Ka cafke, ka miƙa ma wanda ya iya." Raina ya ɓaci. Wa ke son a ce masa aikinsa tsintar abin da wani ya zubar? Ƴan kallo mai jifa suke yi ma tafi. Mai tsinta kuwa gwiwar hannu yake sha a haƙarƙari, ya tashi da kumburin leɓe, ba wanda ya san ya yi wani abu.

Ranar da na fara ganin Oyedeji, cikin azumi ne, ran 2 ga watan Agusta na 2012. Na zo hutu gida Madawa. Bayan sallar asham muka taru a wata rumfa mai tele, injin wuta yana ta ƙara a bayanmu. Ana wasannin Olimpik a Landan, Najeriya za ta kara da Amurka. Karo na farko ke nan da ƴan ƙwallon kwando maza na Najeriya suka je wannan gasa. Muka zauna muna goyon bayan maƙwabta.

Ƴan'uwa, ban taɓa ganin kaye irin na wannan dare ba. Amurka 156, Najeriya 73. Ku ɗauki alli ku ɗebe, za ku sami 83. Wani Ba'amurke mai suna Carmelo Anthony shi kaɗai ya ci maki 37, kuma bai cika minti 15 cikin fili ba. Tun kafin a je hutun rabin lokaci rumfa ta fara watsewa. Wani ya ce a mayar mana da fim ɗin Indiya. Ni dai na zauna har ƙarshe. Cikin ƴan Najeriya akwai wani dogo, tsawonsa mita 2 da santimita 8, shekarunsa 31 a lokacin. Aikinsa irin nawa ne: tsayawa ƙarƙashin zobe. Da na koma Tawa sai na shiga tambaya da karance-karance a kansa. Abin da na samu shi ne zan gaya muku.

Ya bar gida yana yaro, bai kai shekara 18 ba. Ya yi wasa a Rasha, daga nan ya koma Jamus, wani gari da ake kira Würzburg. A 2000 sa'a ta zo masa. A Amurka akwai gasar da ta fi kowace girma a duniya, ana kiranta NBA. Kowace shekara ƙungiyoyin gasar suna zama su zaɓi sababbin samari, bi da bi, kamar yadda ake rabon kaso. A shekarar nan samari 58 aka zaɓa daga duniya duka. Oyedeji ne na 42. Ƙungiyar birnin Siyatil ta ɗauke shi, yana da shekara 19.

Kuna iya cewa shi ke nan, kakarsa ta yanke saƙa. Ni ma haka na yi tsammani. Amma ga abin da lissafi ya nuna. Kowace ƙungiya tana wasa 82 a shekara. Shi kuwa shekara 3 ya yi a can, biyu a Siyatil, ɗaya a Orlando, kuma wasa 93 kaɗai aka sa shi a ciki. Sauran duka kallo ya yi. In an raba makin da ya ci bisa wasannin da ya shiga, bai kai maki 2 a wasa ba. A shekararsa ta Orlando, abokin wasansa Tracy McGrady maki 32 yake ci a kowane wasa, ya fi kowa a gasar. Riga iri ɗaya suke sawa, jirgi ɗaya suke shiga, amma duniya mutum ɗaya ta sani. A 2003 aikinsa ya ƙare a NBA, bai sake komawa ba. Shekarunsa 22.

A nan ne labarin ya fara kama ni. Da yawa in haka ta same su, sai su koma gida su zauna a fada, su yi ta ba yara labarin Amurka har tsufa. Shi sai ya ɗauki jakarsa. Ya je Girka. Ya je Sulobeniya. Ya je ƙasar Sin, ya yi wasa a Bejin, daga baya kuma ya sake komawa ƙasar wajen wasu ƙungiyoyi. Ya je wani tsibiri da ake kira Puwato Riko, inda suke wasansu lokacin da wasu ƙasashe ke hutu. Kun ga ke nan ya yi damina a wata gona, ya yi noman rani a wata. Ya je Koriya ta Kudu, inda ƙungiyarsa ta birnin Seul ta ci kofin ƙasar a 2006. Ya je Sifen, ya je Japan, ya je Ingila. Ƙasashen da ya yi aiki cikinsu sun fi 10. Wani wuri shekara biyu, wani wuri wata uku. Duk inda ya sauka harshe dabam, tuwo dabam, mai gida dabam. Kuma duk inda ya je, abu ɗaya aka kira shi ya yi: ya tare abokan gaba, ya cafke ƙwallon da ya faɗo. Kusan shekara 20 ya yi a haka.

Kada ku ɗauka wasan na mutanen nesa ne kaɗai. Ana yin sa a Yamai, ana yin sa a makarantun Tawa da Maraɗi. A Kano akwai ƙungiyar Kano Pillars, wadda ta sha cin kofin Najeriya. A Zariya kuma wani malami Ba'amurke, Oliver Johnson, ya daɗe yana koya ma yara. Cikin yaransa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya. Shi ma ya yi irin wannan yawo, shekara 6 yana wasa a ƙananan ƙungiyoyin Turai, Ingila da Beljiyam da wasunsu. Da ya ga abin ba zai kai shi ko'ina ba, ya ajiye. A 2002 ya shiga yi ma ƙungiyar Orlando aikin biɗar samari masu hazaƙa, ba albashi, da kuɗin aljihunsa yake tafiya. Kun ga a shekara ɗaya, a ƙungiya ɗaya, ga ƴan Najeriya biyu: ɗaya bisa benci, ɗaya yana aiki kyauta. Ujiri daga baya ya zama shugaban ƙungiyar Toronto ta Kanada, suka ci kofin NBA a 2019, ya riƙe wurin har 2025. Labarinsa ya fi daɗin ji, amma ni na Oyedeji ya fi shiga raina, don shi bai sake sana'a ba sai da jiki ya ce ya isa.

Shekara 3 bayan kayen Landan, ran 30 ga watan Agusta na 2015, aka yi wasan ƙarshe na kofin Afirka a ƙasar Tunisiya. Najeriya da Angola. Angola ta riga ta ci kofin sau 11, Najeriya kuwa ba ta taɓa ci ba. Aka tashi 74 da 65, Najeriya ta ci. Wanda aka zaɓa gwanin gasar wani ne dabam, Chamberlain Oguchi, mai jifa daga nesa. Amma madugun ƴan wasa, wanda ake ce ma kyaftin, Oyedeji ne. Shekarunsa 34, ya girmi kusan kowa a ƙungiyar.

Yanzu bari in gaya muku abin da ya sa na kawo wannan labari, don ba son wasa kaɗai ba ne.

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Rani 11 ke nan ina wannan aiki, kuma ƙauyuka 9 na zauna. Na koyar a ƙasar Bangi da Sabon Gida, na koyar a ƙasar Karofan, na koyar wajen Garhanga da Tamaske. Kun san yadda aikin yake. In an gama kaka a buɗe aji, in hadari ya fara haɗuwa a rufe, kowa ya kama gona. Baɗi kuma sai abin da Allah ya yi. Wata shekara a kira ka, wata shekara ka yi ta jira. Ajina rumfar zana ce, ko inuwar bango. Allona ya sha hawa amalanke har kusurwarsa ɗaya ta karye. Waɗanda muka fito makarantar horo tare, wasu sun zama shugabannin lakwal, wani yana ofis a Tawa da mota.

Bara abin ya yi mini nauyi. Wata ƙungiya da ta ɗauke mu aiki ta riƙe mana kuɗinmu wata huɗu. Na ci bashin hatsi wajen mai shago har na fara sake hanya in zan je masallaci. Da na zo gida, tsohona ya kira ni bayan magariba. Ya ce: "Kai har yaushe za ka yi ta yawo da allo kamar almajiri? Sa'o'inka duk sun zauna wuri ɗaya. Kai ba ka zama malamin gwamnati ba, ba ka zama manomi ba." Na sunkuyar da kai na ce: "Baba, a yi mini addu'a." Ba ni da wata amsa. Cikin makon nan wani ɗan baffana ya zo mini da magana. Za su tashi zuwa Libiya bayan salla, akwai wurin mutum ɗaya a mota. Ya ce mai ilimi kamata ba zai rasa aikin riƙe lissafi ba. Na ce ya ba ni kwana goma.

Na koma ƙauyen da nake koyarwa, wajen Tamaske, da wannan magana a zuciya. Ajin maza da dare muke yi, da fitila mai aiki da rana. Rabin ɗalibaina tsofaffin ƴan cin rani ne. A daren nan darasin da na shirya ya fita raina. Sai na zana taswirar duniya a allo, yadda na iya, na rubuta sunayen ƙasashen da Oyedeji ya je. Na ce kowa ya tashi ya karanta ɗaya. Ja-mus. Ja-pan. Gir-ka. Suna karantawa ina ba su labari. Da na faɗi tsawonsa, wani ya ce: "Ashe dogon yaro ne!" Aka yi ta dariya. Tun daga nan Dogon Yaro suke ce masa.

Da na gama, sai na ce kowa ya zo ya rubuta garuruwan da shi ma ya yi aiki. Allo bai ishe mu ba. Abijan, Kwatano, Legas, Kano, Duwala, Tamanrasat, Sabha, Jado. Wani ya yi tura baro, wani ya sayar da shayi, wani gadi, wani ya haƙa zinariya, wani ya yi ga-ruwa. Mutum ɗaya ya rubuta gari 7 da hannunsa, shi da wata biyu da suka wuce bai iya riƙe alli ba. Ya ja baya yana kallon rubutun, ya ce: "Ashe ni ma na yi yawo."

Akwai wani dattijo a ajin da ya yi rani fiye da 20 yana zuwa Abijan. Ba ya yawan magana. Ya ce: "Malam, in tambaye ka. Duk wuraren nan da ya je, shi ke roƙo, ko kiransa ake yi?" Na ce: "Baba, akwai masu yi masa dillanci, amma ba mai biyan kuɗin jirgi ya ɗauko mutum daga wata ƙasa sai in ya ji labarin aikinsa." Ya kaɗa kai. Ya ce: "To, ai ba ƙaramin mutum ba ne. Ni a kasuwar da na yi dako, sabon zuwa ya fi kowa ƙarfi. Ya ɗauki buhu biyu, kowa na kallo. Baɗi ba ka ganinsa, baya ya ƙare. Wanda uwar ɗaki ke aikowa a kira da sunansa shekara goma, shi ne wanda bai taɓa fasa mata kwalba ba." Ya yi shiru, ya ƙara da cewa: "Kokowa ma haka take. Kowace jiha mutum 10 take kaiwa, jiha 8, mutum 80. Takobi ɗaya ne. In sauran 79 sun zauna gida, sarkin da wa zai kama?" Gaskiyarsa. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya ci, sunayen sarakuna muke riƙewa. Waɗanda suka yi shekara goma suna shiga fili ana kada su a kwana na uku, sai ƴan garinsu suka san su.

Amma wani saurayi bai yarda ba, kuma na ji daɗin da bai yarda ba. Ya ce: "Malam, kada a ruɗe mu. Shi Dogon Yaro bisa benci yake zaune ana biyansa da dalar Amurka. Ni wata 7 na yi ina ɗaukar bulo a arewa. Ranar biya mai aikin ya ce bai san ni ba. Da wa zan yi shari'a?" Aji ya yi tsit, don kowa ya san wani da haka ta samu. Ni ma ina zaune da bashin wata huɗu. Maganarsa gaskiya ce, ba zan ɓoye muku ba. Mai zaman benci a NBA, abin da yake samu a shekara, manominmu ba ya ganinsa a rayuwarsa. Ba ɗaya muke ba.

Na ce masa akwai wani bambanci kuma bayan yawan kuɗi. Ɗan wasa ba ya taka fili sai an rubuta takarda. Kwantaragi ake ce mata. A ciki akwai sunansa da sunan mai ɗaukarsa, da ranar farawa, da ranar gamawa, da abin da za a biya shi, da lokacin biya, da wanda zai ɗauki nauyin magani in ya ji ciwo. Su biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa. Takarda ba ta hana zalunci duka. Ni ma da takardata aka ja mini rai. Amma saboda ita daga ƙarshe aka biya ni, don ina da abin nunawa. Mu kuwa da baki muke ƙulla aiki, baki kuma ba shi da shaida in rana ta ɓaci.

Sai saurayin ya ce: "To, koya mana rubuta ta." Mako biyu muka yi a kan wannan. Muka ɗauki misalin aikin albasa, tun da da yawa suna gangarawa fadamar Tarka da rani. Muka rubuta a allo: Ni wane, ɗan wane, na ɗauki wane aikin ban ruwa. Daga ran kaza ga watan kaza zuwa ran kaza. Zan biya shi jika kaza kowane wata, da abinci sau biyu. Shaidu wane da wane. Kowa ya kwafa cikin littafinsa. Muka yi gardama a kan ko a rubuta kuɗin da lamba ko da kalmomi. Dattijon nan ya ce a rubuta duka biyu, don sifiri ɗaya ba shi da wuyar gogewa. Ban taɓa ganin ajina ya cika kamar waɗannan darare ba. Har waɗanda ba su rubuta suna ba sun zo sun tsaya bayan zana.

Ajin mata da la'asar muke yi. Labari ya riga ya kai musu, suka ce su ma sai an ba su. Akwai wata tsohuwa cikinsu da ta yi aikin gyaran ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984. Tana budurwa ta ɗauki duwatsu a ka, ana jera su bisa tudu don a tare ruwa. Duk wanda ya bi hanyar Keita ya ga waɗannan layuka na dutse da itatuwan da suka fito bayansu. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, kuma ba sunan ko ɗaya a allon bakin hanya. Ta saurare ni har na gama. Sai ta ce: "Ɗana, labarinka da daɗi, amma rabi ka faɗa. Duk namijin da ya yi shekara 20 yana yawo, akwai wadda ta riƙe gida. Mu nan mun sani." Matan suka ɗauki guɗa. Ni kuwa na tuna da mai ɗakina a Madawa. Rani 11 ita ke kai yara likita, ita ke fuskantar mai shago, ita ke kiwon awakin da muke sayarwa in kuɗi sun makara. Ban taɓa sa ta cikin lissafin aikina ba sai ran nan.

Da kwana goma suka cika, na je gida. Ita na fara tambaya kafin kowa. Ta ce: "Malam, Tamaske in yaro ya kwanta ina iya aika maka ka zo ran nan. Libiya fa?" Na je na sami ɗan baffana na ce ya ba wani wurin. Bai ji daɗi ba. Ya ce zan mutu da alli a hannu. Mai yiwuwa ne. Ba na cewa na fi shi dabara, don shi ya aiko da kuɗin da aka rufa ɗakin uwarsa da kwano, ni ban yi ba. Tsohona ma bai sake ra'ayi ba. Sai dai ran nan na tarar da shi da takardar awon hatsi a hannu, wani ɗalibina na dā ya rubuta masa ita a kasuwa, ya kuma gaya masa wanda ya koya masa rubutu. Bai ce mini kome ba. Ya dai nuna mini takardar, ya ninke ta ya sa aljihu.

Oyedeji ya ajiye wasa yanzu. Yana Najeriya, yana tara yara a Legas yana koya musu ƙwallo, yana kuma matsa musu su riƙe karatu.

Bana an sake kirana, wannan karon wani ƙauye cikin ƙasar Buza, a kwarin Majiya. Na ɗaure allo bayan babur, muka bi ta tsakanin layukan dogon yaro da aka fara dasawa tun 1975 don su tare ma hatsi iska. Mai gari ya ba ni ɗaki kusa da masallaci, samari suka kafa rumfa. Na sami wani tsohon kwando da gindinsa ya cinye, na ɗaure shi jikin icce saboda yara. Duka so suke su jefa, har faɗa suke yi. Na ce sai an sami mai tsayawa ƙasa yana cafkewa, ba wanda ya yarda, sai na tsaya da kaina. Daren farko mutum 23 suka ba da sunansu. Huɗu daga ciki sun ce za su tafi Kano in an kwashe albasa, suna so su iya rubuta takardar aiki kafin su tashi. Na ce musu sai mun fara da baƙaƙe da wasula tukuna. Ran Asabar za mu fara.